Dutsen Wajen Kai

Da ƙarar finjali aka fara. Ƙwal, a kan sumuntin tsakar ɗaki. Ina kicin ina tace shayi na ji, sai ga wani ƙwal ɗin, na ce a raina yau kuma wane yaro ne ya hau mini kabad. Na fito da matacin a hannu, sai na tarar baban yara ne durƙushe. Ya shimfiɗa wata doguwar takarda da ke ta son naɗe kanta, yana danne kusurwoyinta da finjalan gahawana.

"Waɗannan fa na baƙi ne," na ce.

"Ita ma baƙuwa ce," ya ce. "Zo ki gaishe ta."

A unguwar Sih ta Madina muke zaune lokacin, shekarun da aka tashi gina Yanbu gadan-gadan, kowane gida da wanda ya tafi aiki can. Maigidana ma'aikacin awon ƙasa ne. An haɗa shi da ayarin da zai zana taswirar manyan duwatsun da ke tsakanin Madina da teku, inda babu hanyar mota, babu gari, sai makiyayan awaki da masu ɗiban zuma. Yakan yi makonni a can, ya dawo fuska a ƙone, leɓe a tsage, yana ba yara labarin sanyin saman dutse. Su yi ta dariya, don ba su yarda ana neman bargo a tsakiyar watan zafi ba.

Na yi sakandare, ina cikin 'yan matan unguwarmu na farko da iyaye suka bari, saboda haka na ɗauka na san taswira. Amma wadda na sani mai launi ce, ƙasa kaza ja, ƙasa kaza kore. Wannan kuwa layuka ne kawai, sirara, zagaye cikin zagaye kamar an yanka albasa. Ya ce kowane layi tsayi ne. Inda suka matsu da juna, nan dutse ya miƙe tsaye, ko akuya sai ta yi tunani. Inda suka saki jiki, nan mutum zai iya shimfiɗa darduma. Rabin takardar fari ne fat, wai nan ba su kai ba tukuna.

Inna, mahaifiyata, tana gefe da faifai a cinya tana tsince adas, ƙananan waken nan na miya. Tun rasuwar babanmu ta dawo gidanmu. Ba ta ɗago ba ta ce, "A duwatsun nan naku, akwai inda hanyar ƙafa ke hawa daga kwari, ga wani dutse ya rabe biyu kamar an fasa ƙwarya, da ɗan ruwa kwance a ƙarƙashinsa?"

Ya yi dariya. "Inna, yaushe kika yi aikin awo?"

Ta ajiye faifan. Ranar na fara jin labarin daga farkonsa.

Daga wani ƙauye na ƙasar Kano suka taso da babanmu, tana amarya. A ƙafa suka yi ta tafiya, suna tsayawa su yi ƙwadago su ƙara gaba, har ta haihu a hanya, har yarinyar ta fara tatata kafin su ga teku. Jirgin katako ya sauke su kusa da Yanbu. Ba su da halin hawa raƙumi, sai suka bi wasu 'yan ƙasarmu ta hanyar cikin duwatsu. A nan zawo ya kama yarinyar. Tana goye ta cika, Inna ba ta ma sani ba, sai da wata mata da ke bayanta ta taɓa kafaɗarta ta ce, "Baiwar Allah, sauke ta haka." Maza suka hau da ita wani tudu mai shimfiɗaɗɗen kai, saboda kada ruwan kwari ya tone ta. Mata suka tsaya a ƙasa. Da suka sauko babanmu ya ce ba ita kaɗai ba ce a wurin, akwai waɗanda suka riga ta. Abin da Inna ta gani da idonta daga nesa shi ne duwatsu biyu a tsaye, na kai da na ƙafa, tsakaninsu ɗan kaɗan.

Na san ina da yaya da ta rasu, iyakar abin da na sani ke nan. Inna ba ta taɓa kama sunanta ba. 'Yar fari ce, kuma kunyar ɗan fari ba ta bar Inna ba ko bayan mutuwa. "Yarinyar" take cewa, mu kuma mu gane.

Maigidana haifaffen Madina ne kamar ni. A waje Larabci zalla yake yi, a gida ma sai dole. Amma ranar da Hausa ya yi ta tambayarta, Hausarsa mai tuntuɓe: rana ta ina take fitowa, ruwan ta dama ne ko ta hagu, akwai itatuwa? Ta amsa abin da ta tuna, abin da ta manta ta ce ta manta.

Sannan ta ce, "Ba gini nake so ba, ba rubutu ba, na san babu kyau. In Allah ya kai ka, ka duba ko duwatsun suna nan. Ka gyara musu zama, ka yi mata addu'a. Kuma ka sa a takardar nan taku cewa akwai mutane a wurin, don kada a taka su."

Ya dafa ƙirji. "Ala rasi, Inna, na ɗauka a kaina. Kin gama magana."

Tafiya biyu ya yi bai samu ba. A ta uku ya shigo da kwalbar zumar dutse a hannu, ko takalmi bai cire ba ya ce, "Inna, na same ta." Ya ce dutsen da ya rabe yana nan, ruwan ma yana nan. Ya ce ya hau tudun shi kaɗai, ya tarar na wajen kai ya ɗan karkace, ya miƙar da shi, ya yi addu'a. Ya nemi almakashin ɗinkina, ya juya mana baya ya yanko wani yanki daga taswirar, bai fi tafin hannu biyu ba. A tsakiyarsa, inda layukan suka saki jiki, akwai 'yar alama mai kusurwa uku da ɗigo a ciki.

"Ga ta nan," ya ce.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta ɗora yatsa a kan ɗigon, ta daɗe. Can ta ce, "Ashe kina nan."

Ni na dama fulawa na manna wa takardar ƙyalle a baya don kada ta yage. Inna ta sa ta cikin jakar carbinta. Kullum bayan la'asar sai ta buɗe, ta ɗora yatsa, leɓenta na motsi. Na taɓa ce mata, "Inna, kada fa abin ya zama wani abu." Ta harare ni. "Ke da karatunki. Takarda nake roƙo? Allah nake roƙo, takarda dai ta nuna mini inda zan sa zuciyata." Ƙanena, wanda ke tuƙin tasi a wajen Harami, yakan zo ya tsokane ta, "Inna, ba ni taswirar nan in kai alhazai, ko Allah zai sa su ɓace in huta." Ta kai masa duka da mafici.

Ba zan ɓoye ba, a watannin nan na so maigidana fiye da ranar da aka kawo ni gidansa. Babu matar da ban ba labarin ba a unguwa. In ya dawo daga duwatsu da kaina nake jiƙa masa ƙafa a ruwan ɗumi, ina kallon faso a dugadugansa ina cewa wannan ƙafar ce ta hau wa Inna tudu.

Da ƙaramar salla ya gayyato leburorin ayarinsu waɗanda ba su da iyali a gari, su zo su ci tuwo. Cikinsu akwai wani dattijo mutumin Damagaram, mai iƙamar aiki, mai yawan raha. Tun daga bakin ƙofa ya ɗaga murya, "An ce akwai Bakanuwa a gidan nan. A gaya mata a ƙirga cokula kafin ta tafi da su kasuwa!" Inna daga bayan labule ta ce, "Cokali? Yaushe mutanen Damagaram suka san cokali? A ba shi a akushi, a sa masa nesa da na mutane!" Aka yi ta dariya. Bayan azahar ta shiga ɗaki ta kwanta, kamar yadda ta saba.

Ina tsaye bayan ƙofar ɗakin baƙi ina jiran a turo mini kwanuka. 'Yata ƙarama, wadda a lokacin take ajin farko, ta zaro takardar daga jakar carbi ta shiga da ita. Yara da son nuna abin gidansu. Na ji ta tana cewa da Larabci, "Ammu, ka ga kabarin 'yar Sitti. Baba ne ya samo shi." Sitti take kiran Inna, wato kaka.

"Mu gani, 'yata," in ji dattijon. Sai ya yi dariya. "Kabari kuma? Wannan ai aikin hannuna ne. Alamar turken awo ce. Inda duk kika ga mai kusurwa ukun nan, ƙarfe muka kafa a sumunti, muka tara masa duwatsu a kai don muhandis, injiniyan namu, ya hango da madubinsa daga wani dutsen. Wannan ma ni na kwaɓa sumuntinsa. Alhaji, ba wurin nan ne mai fasasshen dutse ba?"

Maigidana ya ce da Larabci, da sauri, "Ci abinci, ya shaikh, miya na hucewa."

Dattijon bai gane ana tsayar da shi ba. "Shi ne mana. Inda na ce maka duwatsun nan ba zubin Allah ba ne, dasa su aka yi, bibbiyu, sun kwanta yadda ake kwantar da Musulmi. Ka tsaya ka yi ta kallonsu, har na ce ko ciwo ya kama ka. Sannan ka ce rana na faɗuwa, mutane na jira a ƙololuwa, a kwashe su a tara wa turken. Wallahi akwai wani ƙarami, tsakanin na kai da na ƙafa bai fi kamu ɗaya ba. Ni na ciro duwatsunsa. Na yi bisimilla, amma har yau in na tuna…"

Dattijon ya katse maganar.

"'Yar wa yarinyar nan ta ce?" ya tambaya a hankali.

Na ji ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya sake maimaitawa. Bai ƙarasa tuwonsa ba. Kwanonsa ya dawo mini da loma ɗaya a gutsure.

Na jira baƙi suka watse. Na hau soro kwashe shanya, ya biyo ni. Da Larabci ya fara, na ce, "Da harshen da ka yi mata alkawari za ka yi mini magana."

Ya ce ba don mugunta ba ne. Tudun nan shi kaɗai ake hangowa daga duwatsun gabas da na yamma, babu wani wurin. Babu kuma sakakkun duwatsu a kansa sai waɗannan, hawa da wasu daga kwari aikin yini ne. Ya ce shekara nawa, ƙasa ta riga ta karɓi abinta. Har ya ce, "Yanzu ma ta fi samun tsaro. Alamar hukuma ce a kanta, wanda ya taɓa sai ya kwana a rufe."

"Da ka ce kaburbura ne, da sun ƙi ji?"

"Da sun ji. Da an matsa."

"To me ya hana ka?"

Ya juya yana kallon rufin gidajen mutane. "Da sun tambaye ni ta ina na sani. Kin so in tsaya gaban muhandis da mutanen ofis in ce, ku dakata, nan surukata ta bi babu takalmi? Kin san tsawon lokacin da na ɗauka kafin su daina ce mini Takari, su kira ni da sunana?"

Na san wannan ciwon. Ni ma an ce mini haka a makaranta, na dawo gida na yi kuka a cinyar Inna, ita da ta tako duwatsun. Da ya dawo ya ce bai samu wurin ba, da na haƙura. Da ya dawo ya gaya mini gaskiya ni kaɗai, da wataƙila na taya shi kuka. Amma zuma ya sayo. Ya tsaya a hanya ya zaɓi kwalba, yana shirya abin da zai faɗa.

"Me ya sa ka yanke takardar?" na ce.

Na riga na san amsar. Da ya bar ta ɗungum, da na ga irin alamar nan a kan kowane dutse, da na tambaya. Da almakashina ya yi, ni na miƙa masa.

Abu ɗaya na roƙe shi. Na ce ya koma, ya zaro duwatsu biyu daga tarin, ya dasa su a gefe inda ya tuna take, ya yi addu'ar da ya ce ya yi. Turkensu ya zauna, ban ce a cire ba. So nake kawai abin da Inna ke ɗora wa yatsa ya zama yana da gaskiya a ciki, ko kaɗan ne, kafin ta bar duniya. Ya ce bayan aikin hajji. Bayan aikin hajji aka ce jirgi mai saukar ungulu da ke kai su ya koma wani aiki. Daga nan aka mai da ayarinsu bakin teku, awon filin matatar mai. Duk ranar da na tayar da zancen sai ya ce, "Ina sane." Daga baya ya fara tashi ya bar mini ɗakin.

Ban gaya wa Inna ba. Na je Harami na zauna a ɓangaren mata na yi ta juya abin, na tashi da cewa ba ni zan zare mata yatsa daga kan ɗigon nan ba. Har yau ban canza ra'ayi ba. Sai dai la'asar ta zama mini lokaci mai nauyi. Da na ji ƙarar zip ɗin jakar carbi sai in nemi abin yi a kicin. Na ci gaba da dafa masa abinci, ina wanke masa kaya, ina amsa sallamarsa, don haƙƙinsa ne kuma Allah na gani. Ruwan ɗumin ƙafa dai na daina, shi ma bai tambaya ba.

'Yata ƙarama kuwa ban ce mata komai ba. Na ɗauka abin ya wuce ta. Hausar dattijon mai sauri ce, ita kuma ko "zo nan" na ce mata da Larabci take amsawa. Na lura dai ta daina taɓa jakar carbin, kuma in babanta ya dawo ba ta rige-rigen karɓar jakarsa kamar da. Na ce girma ne.

Inna ta kwanta ciwo a sanyin shekara ta gaba. Wata safiya da hantsi ta ce a kira mata shi. Ya zo ya durƙusa gefen katifa, ƙanena na tsaye a bakin ƙofa, ni ina riƙe da kofin zamzam. Ta laluba ta dafa kansa.

"Ka yi mini abin da ɗan cikina bai yi ba," ta ce. "Ka je inda na kasa komawa. Yadda ka gyara wa yarinyar makwanci, Allah ya gyara maka naka. Yadda ka hana a taka ta, Allah ya hana a taka zuriyarka."

Na zuba masa ido. Ban so ya faɗi gaskiya ba, ba a wannan lokacin ba. Amma na jira wani abu: ya janye kansa, ya ce ta yafe masa ko bai faɗi dalili ba, ko ya yi shiru kawai. Sai ya ƙara sunkuyar da kai ƙarƙashin hannunta ya ce, "Amin, Inna. Amin."

Ƙanena ya share hawaye, ya ce masa, "Mun gode, yaya." Ruwan kofin ya zube mini a zane.

Kwana kaɗan bayan haka ta cika. Ni da matan unguwa muka yi mata wanka. Aka ɗauke ta zuwa Harami, aka sallace ta bayan azahar, daga nan maza suka wuce da ita maƙabartar Baƙi'a. Mu mata iyakarmu ƙofar gida. Haka aka yi wa Inna a gindin tudu, haka aka yi mini a Sih: ki tsaya a ƙasa, maza su hau, su sauko su gaya miki. A Baƙi'a babu suna, babu rubutu, dutse ne kawai a wajen kai, shi ma wanda ya sa shi ne kaɗai zai iya nuna shi.

Kafin la'asar suka dawo. Maigidana ya tsaya a famfon tsakar gida yana wanke ƙasa daga hannunsa. Ina zaune a tabarma da jakar carbin Inna a cinya, mata sun ɗan ragu. Ya matso ya rage murya, da Hausa, yana son ya kwantar mini da hankali.

"Ta samu wuri mai kyau," ya ce. "Ni na shiga da ita. Ni na sa mata dutsen da hannuna."

Na ce, "Allah ya saka." Ya wuce wajen maza.

'Yata ƙarama tana maƙale a bayana tun safe, ba ta ci komai ba. Sai da ya fita ta zagayo, ta kama bakin mayafina, ta kawo bakinta saitin kunnena. Ban taɓa jin ta haɗa dogon zance da Hausa ba sai ranar.

"Ummi, in Baba ne ya sa wa Sitti dutse, ki ce wa Kawu ya je ya duba."